Keke Biyu a Ƙarƙashin Gadon Hashi

Willmar, Minnesota
Farkon watan Yuni

Daga Alhaji Warsame Roble, dattijon danginmu a wannan ƙasa, mai sulhunta ma'aurata, mai raba gado, wanda in ya yi gyaran murya a masallaci har fanka takan rage gudu,

zuwa ga ɗana Hashi, a masana'antar kifi, can tsibirin Alaska.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da sukarin jininka, da fatan kana shan maganin ba ajiye shi kake yi a aljihu yana yawo da kai ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke sanar da ni ruwa zai sauko tun kafin mai rediyo ya sani. Matarka Bisharo lafiyarta ƙalau. 'Yarku Ilwad ta bugo waya daga Seattle, ciki ya yi nauyi, an ce sai ƙarshen Satumba in Allah ya yarda.

Kada ka yi mamakin ganin bugun na'ura. Hannuna ya fara rawa, sai in faɗa wani ɗalibi ya buga mini a laburare. Karatu kuwa ni nake yin abina da gilashi. Amsarka ka aiko ta shagon shayin Dirie, can nake wuni, don a gida matan 'ya'yana buɗe wasiƙa suke yi da tururin buta.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Na je na ga motar nan ta kwana da ka saya wurin wani tsohon bature manomi, mai gado da murhu da ɗan wurin wanke hannu, wadda ka ce da ita za ka kai Bisharo Seattle idan an tashi aikin kifi. Ma sha Allah. An ce ranar da za ka tafi ka daɗe kana shafa ta fiye da yadda ka yi sallama da mutanen gida. Na kuma ga ka bar mabuɗin a hannun ɗan ƙanwarka Liban, yana ɗumama injin. Ka yi dabara. Yaro ne mai natsuwa, ga kunya, ga kyau, ga haddar da ko malaminsa na allo yakan tambaye shi in ya manta. Ban san me kuke jira ba ku nema masa mata ba.

Umarnina shi ne, keke biyu za su bi ku wannan tafiya, kuma a cikin motar za su kwana, ba a waje ba.

Na san za ka ce babu wuri. Akwai. Liban a shagon gyaran keken Arne yake aiki, ya ga yadda masu irin motar nan suke yi. Gadon ake ɗagawa, sai ƙasansa ya zama ɗan rumbu da ake buɗewa ta ƙofar baya. A cire wa kowane keke ƙafar gaba. Ƙarfen nan mai baki biyu da ke riƙe ƙafar, shi ake ɗaurewa a jikin wani katako da aka kafe a ƙasan motar, sai keken ya tsaya cak kamar an ce masa ya yi tilawa. Ɗaya ya fuskanci gaba, ɗaya ya fuskanci baya, don kada ƙahonninsu su yi faɗa a hanya. Liban ya auna, ya ce taƙi biyu kawai gadon zai ƙara tashi. Na tambaye shi ko kanka zai bugi rufi in ka zauna, ya ce a'a, Allah bai jarrabi Kawu da tsawo ba. Na tsawata masa.

Ba neman shawara nake yi ba, amma dai ka rubuto ka ce to, don yaron ya ɗauki zarto da izini.

Wassalam. Allah ya maido ka da yatsunka goma.

Alhaji Warsame Roble

*

Tsibiri, Alaska
Ƙarshen Yuni

Zuwa ga Baba Alhaji,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Baba, da na ga sunanka a bayan ambulan sai da na wanke hannu da sabulu kafin na buɗe, kuma a tsaye na karanta. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauƙaƙa gwiwa. Ni lafiya lau. Maganin ina sha. Ƙafafun ne dai sukan yi nauyi in na daɗe a tsaye, kuma aikin duka tsayuwa ne: kifi na zuwa a kan bel, kai kana yanka, ba ya tsayawa ya jira ka miƙe baya. Ranar nan kuma ba ta son faɗuwa. Mu 'yan kaɗan da muke salla da agogon Seattle muke bi, in ba haka ba magariba da asuba sai su haɗu su gaisa.

Baba, maganarka umarni ce. Amma ka yi mini izini in faɗi abin da ke raina, in ya so ka yanke.

Motar nan ba don ado na saye ta ba. Na yi shekaru ina tuƙin babbar mota a ƙasar nan, na yi salla a bayan gidan mai, a kan ƙanƙara, mutane na leƙe. Abin da ya ja ni ga wannan shi ne ɗan filin da ke tsakanin gado da murhu. Daidai darduma ne. Na ce ko ba komai ni da Bisharo za mu rufe ƙofa mu yi sallarmu a wuri mai tsarki. To ƙafar keke fa, Baba? Ka san garin nan, kowane bature da karensa, kuma hanyar da keke ke bi ita kare ke bi. Ta yaya zan ɗauko abin da ya taka kashin kare in kwantar da shi ƙarƙashin gadona, kusa da inda zan sa goshi? Ga baƙin man sarƙa, wanda in ya taɓa bargo ya zauna ke nan.

Kowa a baya yake rataya keke. Akwai ƙarfen da ake sayarwa don haka. In dole ne, a sa shi.

Sannan ka gafarce ni, ban gane ba: kekunan na wane ne? In saƙo ne za a kai wa wani a Seattle, ai masu manyan motocinmu suna zuwa kullum.

Maganar Liban kuwa, Baba, ina jin wani Liban ɗin aka nuna maka. Nawa shi ne wanda ya shiga shagon Dirie ranar Idi ya yi shela wai na yanka akuya, maza suka cika mini falo, Bisharo ta rasa abin yi ta dafa musu taliya da ayaba. Har yau akwai masu ce mini Hashi Mai Akuya. Haddar tasa kuma, malaminsa ya karya bulala a kansa fiye da yadda ya karya alƙalami. Ina son yaron, ɗan ƙanwata ne, hannunsa kuma na da albarka a kan ƙarfe. Amma don Allah kada a bar shi da zarto kusa da gadona.

Abu na ƙarshe. Waya ɗaya ce a barandar ɗakunan kwananmu, layi ake bi, ni rabona yakan faɗo ran Juma'a da yamma. 'Yan makonnin nan in na buga gida ba a cika ɗauka ba. In ka ga Bisharo ka ce mata ina bugowa.

Ɗanka,
Hashi

*

Willmar
Tsakiyar Yuli

Daga Alhaji Warsame Roble, wanda aka ambata darajojinsa a wasiƙar baya kuma ba su ragu ba,

zuwa ga ɗana Hashi.

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso, tana warin kifi, magen Dirie ta bi ni har bakin titi. Na yi murna kana shan magani. Gwiwa ta yi sauƙi, yanzu ta dama ce ta karɓa. Ilwad lafiya, ta ce abin cikin yana harbi kamar kakansa in an taɓa masa mota.

Abin da ka faɗa a kan Liban na ji. Zancen akuya kuskuren fahimta ne, yaron cewa ya yi ya kamata ka yanka. A bar wannan.

Ka tambayi kekunan na wa. Zauna tukuna in kana tsaye. Ɗaya na Bisharo ne.

Matarka ta iya keke, Hashi. Akwai wata tsohuwar nas, Misis Lindgren, da ke koya wa mata a filin ciyawar bayan laburare ran Juma'a da yamma, shi ya sa wayarka ke ta ƙara a ɗaki ba kowa. Tun da ƙanƙara ta narke ta fara. Takan sa wando a ƙarƙashin hijabi, ta kama bakin hijabin da abin shanyar kaya don kada sarƙa ta ci shi. An ce ta faɗi ya fi a ƙirga, tana tashi tana karkaɗe ciyawa tana cewa, "Ƙasar nan ai ta san ni, a sake." Yanzu in ta wuce ka sai ka ji iska. Ja ta saya, mai kwando a gaba.

Ita ta zo wurina da ƙafarta, ita kaɗai, ta zauna, ta yi magana mai tsawo. Na ce mata, "To a rataya su a baya mana, kamar kowa."

Ta ce, "A baya? Mu bi ta gaban kasuwarmu da keke a rataye, ja, mai kwando? Kafin mu kai fitilar farko matan can sun kai labari Nairobi. Za a ce Bisharo ta kusa samun jika ta koma 'yar yaye. Ni ban damu da kaina ba, shi za su dama a shayi."

Na ce, "To ki bar shi a gida, ki dawo ki same shi."

Ta ce, "Na bar abubuwa da yawa a gida. Shekara talatin ina tsaye a taga, mutumin nan na tafiya yana dawowa yana ba ni labarin duwatsun Montana. Yanzu zai kai ni, kuma in sake kallonsu ta gilashi? Misis Lindgren ta ce akwai tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa da aka mayar na keke, ba mota, ba wanda ya san ka. Can nake so in sauka in ji iskar a fuskata."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa masa da bakinki?"

Ta ce, "A wayar da maza ke tsaye a bayansa suna jiran layi? Kai ma dai."

Ka ga ke nan rataya a baya ba ta taso ba. Ga ɓarayin wuraren kwana, ga ruwa da ƙurar hanya, amma duk waɗannan ƙanana ne. Babban shi ne idon kasuwa.

Batun tsarki kuwa ka yi gaskiya, na kuma yaba maka. Ga yadda za a yi. Kekunan ta ƙofar baya za su shiga, ba za su taɓa bi ta inda kake salla ba. Liban zai kafa allon katako daga ƙasan mota har gado, ya raba rumbun da ɗakin, ko ƙura ba za ta ratsa ba. Ƙafafun gaba da aka cire, Bisharo ta ɗinka musu jaka da buhunan shinkafa. Na baya za su zauna a cikin farantin roba da ake zarewa a wanke. Sarƙa a sa mata tsohuwar safa. In kuma ido ya ga an taka abin kare, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kamar yadda aka koya mana. Liban ya ce shi ko ba a ga kare ba zai yi bakwai ɗin, don Kawu ya yi barci. Ka ga tarbiyya.

Keke na biyu shuɗi ne, naka ne. Ita ta zaɓa. Ta ce likita ya ce ƙafafunka motsi suke so, ita kuma ba za ta tafi ta bar ka kana gadin murhu ba.

Ina jiran to ɗinka. Zarto na nan a rataye, yana kallona.

Alhaji Warsame Roble

*

Tsibiri
Farkon Agusta

Baba Alhaji,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba gwiwar dama lafiya. Ni jiki da sauƙi. Ka yi haƙuri da jinkiri, hazo ne ya rufe tsibirin, jirgin wasiƙu ya daɗe bai sauka ba, sai shekaranjiya aka miƙo mini taka. Ka ga tana can a buhu tun tuni, ni ina nan ina yanka kifi ban san gidana na ci ba.

Baba, ni ba yaro ba ne. Na san abin da ake nufi idan matar aure ta taso da ƙafarta, ita kaɗai, ba mijinta ba ɗan'uwanta, ta zauna gabanka ta yi magana mai tsawo. Na sha zama a bayanka ana kiran mazan da aka kawo ƙararsu. Na kuma san halinka, ba ka fara wa mutum da babbar magana, sai ka ɗauko ƙarama ka gwada shi da ita. Tun wasiƙar farko ya kamata in gane. Dattijo kamarka ba zai ɓata tawada a kan keke ba. Ka gwada ni, na ce a'a, na kawo maka zancen kare.

Jiya na samu wayar ta shiga. Mutum huɗu na tsaye a bayana, ban iya tambayarta komai ba. Na ce, "Lafiya dai ko?" Ta ce, "Lafiya. Sai ka zo, akwai magana." Har na koma bakin bel ban san da wane hannu na riƙe wuƙa ba.

Abin da ta faɗa gaskiya ne. Babbar mota, mahautar kaji, yanzu kifi. Kullum ni ne mai jaka a bakin ƙofa. Ilwad ta fara tafiya ina Texas, ta gama makaranta ina Nebraska. Na ɗauka in na aiko abin da ake buƙata na sauke nauyi. Ban taɓa tambayarta me take gani ta tagar ba.

Saboda haka ga amsata: to. A ɗaga gadon. In Liban na so ya kai shi rufi, in kwana a ƙasa. Kekuna su shiga ciki. Na kuma gaya wa shugaban aikinmu ba zan kai ƙarshen kakar kifi ba, zan bi jirgin ruwan da zai tashi bayan tsakiyar wata. Ya ce wanda ya tafi kafin a tashi ba a kiransa baɗi. Na ce na ji. Roƙona ɗaya, kada ka tara maza tukuna. Ka bar ni in zo in zauna da ita, mu biyu.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kai uba ne shi ya sa. Zancen tsarki da na yi da gaske nake. Amma da na karanta cewa shuɗin nawa ne, sai gabana ya faɗi ta wani wajen. Baba, ban iya keke ba. A bayan raƙuma na tashi, daga nan sai kan babbar mota, ban bi ta tsakiya ba. Sau ɗaya na gwada, ina saurayi sabon zuwa birni, na shige teburin wata mai ayaba, kasuwa ta yi ta dariya har na bar unguwar. Na tuƙa mai ƙafa goma sha takwas a kan ƙanƙara ban ji tsoro ba, mai ƙafa biyu kuwa ko a shago na gan shi sai in kauce. Yanzu matata za ta hau ta wuce, ni ina tsaye riƙe da shuɗi kamar wanda aka ba ajiyar akuya.

Zan gwada, in shi ne zai gyara. Amma wannan ya tsaya tsakaninmu. Bisharo kada ta ji. Liban kuwa, Baba, na haɗa ka da Allah. In yaron nan ya ji, gara in zauna a tsibirin nan in auri kifi.

Ɗanka mai neman rufin asiri,
Hashi

*

Willmar
Ranar da taka ta iso, da hantsi

Zuwa ga Hashi.

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Ilwad lafiya. Gwiwoyi duka biyu lafiya, dama can lafiyarsu ƙalau. Wannan wasiƙa ta jirgin gaggawa za ta zo, kuma in mai dafa muku abinci ya cika alkawari, ya riga ya faɗa maka saƙon da Bisharo ta bari a wayar kicin: kada ka hau jirgin ruwan nan. Ka koma wurin shugaban aikinku ka ce ka fasa. Ka gama kakar kifinka.

Babu ƙara. Ba a tara maza ba, ba a kuma yi niyya ba. Ko dattijo ɗaya bai ji komai ba. Maganar da ta ce akwai in ka zo, ita ce dai ta keken, ba wata.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a shagon Dirie. Na buɗe ta ina murmushi, don na ɗauka zan sami abin dariya na mako guda. Ban gama ba shayin ya huce, Dirie na tambayata wa ya mutu. Daga nan ban tsaya ko'ina ba sai gidanka. Na same ta tana soya sambusa. Na karanta mata rabin farko, na tsaya daidai inda ka ce a tsaya.

Ta kashe murhu. Ta ce, "Maimaita wurin tagar." Na maimaita. Ta daɗe tana kallon mai yana hucewa, ta share ido da bakin mayafi, ta ce albasa ce. Babu albasa a wurin.

Sannan ta ce, "Tsaya. Wane Alhaji? Yaushe na je wurin Alhaji?"

Na yi mata bayani.

Ta cire takalmi.

Na zagaya teburin, ta zagaya. Tana cewa, "Cewa na yi ka rubuta wa kawunka ka roƙe shi! Roƙo! Ɗan banza mai kan gwangwani, ka tashi ka sa hular mutum mai shekara tamanin, ka kusa raba bawan Allah da aikinsa!" Na ce, "Goggo, in da sunana na rubuta ai da wasiƙar ya naɗe kifi." Ta ce, "Gaskiya ne," ta kuma jefo takalmin duk da haka. Ya same ni a kunne. Hannunta ya ƙara saiti tun da ta fara keke.

Da ta huce ta zuba mini shayi, ta ce in je in ɗaga gadon tunda an ce to. Ina bakin ƙofa ta ce, "Shuɗin nan, ka cire masa feda, ka sauke sirdin ƙasa sosai, yadda ƙafafunsa biyu za su taka ƙasa. Haka Misis Lindgren ta fara da mu."

Na ce, "Don me?"

Ta ce, "Kalli fuskarka, kai ma ka sani. Da Ilwad ta sami kekenta na farko, bayan kawunka ya yi ta ciwo har sai da maƙwabci ya gama koya mata, ran nan ya warke. Shekara talatin ina wanke wa mutum kaya, ka ɗauka akwai abin da ke aljihunsa ban gani ba? Me ya sa kake jin na nace a sa su a ciki? Ni an riga an gan ni, rabin matan kasuwa sun leƙo filin laburare, biyu ma sun shiga ajin. Shi nake rufa wa. Mu yi nisa, inda ba mai ce masa Mai Akuya, in buɗe ƙofar baya, ya faɗi abinsa a ciyawa ba mai gani sai ni da shanu."

Wallahi ban faɗa mata ba. Ban kuma faɗa wa kowa ba, ba zan faɗa ba. Wannan rantsuwa ce ta wanda ya sha bulala a kan sanin nauyin rantsuwa.

Yanzu ka gane, amma ta ce sai na rubuta da baƙi a kan fari, in ba haka ba ita za ta kai wasiƙun gaban mai sunan. Alhaji Warsame yana Columbus wurin 'yarsa tun kafin azumi, bai san an yi ba. Ba wani ɗalibi a laburare, ni ne nake buga haruffan da yatsa ɗaya, matar laburaren na tausaya mini. Ba gabansa Goggo ta zauna ba, a shagon Arne ne, a kan bokitin da aka kife, ni ina ɗaure birki. Duk abin da na ce ta faɗa ta faɗa. Yabon Liban ne kawai babu mai shaida. Ban san dattijo in ya rubuta wa miji haka ake karanta shi ba, ni ba a taɓa zaunar da ni a bayansa ba, kullum ni ake aika sayo ruwa. Na ari muryarsa don ka saurara, sai ka saurara fiye da yadda na nema, ka faɗa mini abin da ba ni ka yi niyyar faɗa wa ba. Wannan ya fi takalmin zafi. Ka yafe mini, Kawu.

Da la'asar zan fara yanka katako. Sai ka dawo ka tarar da su a ƙarƙashin gadonka, ja na kallon gaba, shuɗi na kallon baya, fedarsa a cikin safa a aljihun ƙofa, sai ranar da ka ce a mayar. Dardumarka na inda ka bar ta. Hukuncina kuma na san yana jirana, na yarda, sai dai ka tuna kunnen hagu an riga an karɓa.

Ni ne, ba mai sulhunta kowa ba, ba mai raba gado ba, sai dai mai ɗaga shi taƙi biyu,

ɗan ƙanwarka,
Liban